Abin da Taron Dausayi na Dubai Ya Koya Mana



An nemi in yi tsokaci kan wani taron masana da aka yi nesa da mu, domin mu ga ko akwai abin ɗauka a cikinsa. A ranar 2 ga Fabrairu, 1971, wakilan ƙasashe suka haɗu a garin Ramsar da ke gaɓar tekun Kasfiyan a ƙasar Iran, suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi, wato fadamu da tafkuna da laka ta bakin teku. Tun daga nan ƙasashen da suka sa hannu sukan taru lokaci-lokaci su duba inda aka kwana. Zama na 13 shi ne aka yi a Dubai cikin watan Oktoba na 2018.

Dausayin bakin teku na cikin batutuwan da aka tattauna a taron. Masana sun bayyana cewa itatuwan mangurob, waɗanda ke tsiro cikin ruwan gishiri, suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidajen mutane, ƙananan kifaye kuma a tsakanin saiwoyinsu suke girma. Lakar da ke ƙarƙashinsu tana riƙe da kabon mai yawa, wanda idan aka sare itatuwan yake komawa sama ya ƙara zafin duniya. Taron ya zartar da ƙuduri na musamman kan kare irin waɗannan wurare. Haka nan kwamitin masana na yarjejeniyar ya gabatar da rahoto mai tayar da hankali: tsakanin 1970 da 2015 duniya ta rasa kimanin kashi 35 cikin 100 na dausayinta.

To amma, jama'a, ba a zaure kaɗai aka yi aiki ba. A gefen taron akwai ƙananan zama inda mai bincike da jami'in gwamnati da mai kula da gandun daji ke fuskantar juna su yi muhawara, akwai kuma rumfunan baje koli. A wannan taro ne aka fara karrama biranen da suka kula da dausayinsu, birane 18 daga ƙasashe 7, cikinsu har da Kolombo ta Siri Lanka da Ghar el Melh ta Tunisiya. Sannan al'adar irin wannan taro ce a fitar da wakilai su ga wuri da idonsu. Dubai kuwa tana da Ras Al Khor, mafakar tsuntsayen filamingo a tsakiyar dogayen gine-gine. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ina ruwanmu da teku? Yarjejeniyar da ta rungumi Ras Al Khor ita ce ta rungumi tafkin Nguru da mashigin Marma tun shekarar 2000, wuri na farko da Nijeriya ta yi wa rajista. Tsuntsayen da ke baro sanyin Turai suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. Mu ma shaidu ne kan yadda ambaliyar da ke ciyar da fadamunmu ta sauya bayan gina madatsun Tiga da Challawa, da yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa.

Shawarata ita ce, a taronmu na baɗi kada mu tsaya ga jawabai da cin abinci. A ware yini guda mu fita fadama tare da ɗaliban makarantunmu, a gayyato masunta da manoman rani da makiyaya su faɗa mana abin da suka gani ya canja, sakatare ya rubuta. Da wannan rubutu za mu tunkari hukuma da hujja a hannu.

Allah Ya yi mana jagora.