An Gama Bita, Ina Labarin Majinyaci?



Dukanmu mun san yadda bita take ƙarewa. A raba wa mahalarta takarda su faɗi ko sun gamsu, kowa ya rubuta ya gamsu, a ba da takardar shaida da ɗan alawus, a ɗauki hoto, a watse. Mai rubuta rahoto ya ce an horar da ma'aikatan jinya kaza, an ci nasara. To, amma fa shi majinyacin da aka yi taron dominsa, wato wanda ake gudun a ba shi maganin da ba nasa ba, ko a manta auduga a cikinsa, ba a ko ambace shi ba.

Tun a 1959 wani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya kasa auna horo hawa huɗu: gamsuwar mahalarta, abin da suka koya, ko aikinsu ya sake bayan sun koma bakin aiki, sa'an nan sakamakon da aka samu. Mu kuwa galibi a hawan farko muke shimfiɗa tabarma, domin shi ne mai arha.

Hawa na huɗun ma yana da ruɗi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takarda mai tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata: a tabbatar da sunan majinyaci, da gaɓar da za a yanka, a ƙirga kayan aiki kafin a ɗinke. Aka gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan har Ifakara ta Tanzaniya, kuma a 2009 aka bayyana cewa mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Duniya ta ɗauka. Lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta ta a 2010, amma da aka duba asibitoci 101 aka buga sakamako a 2014, ba a ga wani raguwar a-zo-a-gani ba, alhali asibitocin sun ce ana cika takardar a kusan kowace tiyata. Ashe cika takarda daban, tsayawa a saurari juna daban. Da yawan takardun da aka cika aka ƙirga, da an buga tambarin nasara.

Misali na biyu ya fi ba mu tsoro. A jihar Mishigan ta Amurka, Dakta Peter Pronovost ya sa sassan kulawa ta musamman 103 suka riƙi ƙa'idoji biyar wajen sanya roba a babbar jijiya, har da wanke hannu da cire robar da zarar ba a bukatarta, aka kuma ba ma'aikaciyar jinya ikon dakatar da likitan da ya tsallake ɗaya. A 2006 aka ba da labarin cewa shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Ingila ta kwaikwaya daga 2009, ita ma adadin ya sauka. Sai dai masu binciken sun yi hikima, sun shigar da asibitoci rukuni-rukuni, sai ga shi waɗanda ba su riga sun shiga shirin ba su ma adadinsu yana sauka. Ruwa ya riga ya fara janyewa kafin a haƙa lambatu. Waɗanda suka zauna a sassan suna kallo kuma sun tarar ba hanya ɗaya ake bi wajen ƙirga masu cutar ba.

Gobe wasunmu za a miƙa musu fayil a ma'aikatar lafiya, a ce su faɗi ko a ci gaba da kashe kuɗi a kan wani shiri. Mu nemi adadin kafin horo, ba na bayansa kaɗai ba, mu kwatanta da asibitin da ba a horar ba, mu taka da ƙafarmu mu ga aikin dare bayan wata shida. In kuwa muka ga rahoton kurakurai ya ƙaru, kada mu yi saurin rubuta takardar tuhuma, domin sau da yawa alama ce cewa ƙaramin ma'aikaci ya daina jin tsoron faɗa. Mu kuma leƙa mu ga ko akwai ruwa da sabulu a ɗakin da aka koya wa mutane wanke hannu.