Wa'azin Goma Sha Bakwai ga Azumi: Haƙƙin Mai Jinya a Kan Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta bisa hikimarsa, Ya saukar da magani bisa rahamarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku masu saurare na Tsauni da Matamaye da Kance, da duk garin da wannan murya take kaiwa, muna yi muku barka da shan ruwa.

A ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, aka yi yaƙin Badar. Akwai babban sahabi da bai taka filin ba, amma aka lissafa shi cikin mutanen Badar, shi ne Sayyidina Usmanu ɗan Affan. Matarsa Nana Ruƙayya, ƴar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana kwance cikin ciwo, sai Annabi ya umurce shi ya zauna ya yi jinyarta, ya ba shi rabonsa na ganima, ya yi masa bushara da ladan wanda ya halarta. Wannan shi ne matsayin jinya a addininmu, kuma a kansa karatun yau zai tsaya, musamman jinyar iyayen da aka jarrabi ƴaƴansu da ciwon daji, wanda ake kira kansa.

Likitoci sun bayyana cewa wannan ciwo yana kama yara. Wani yakan fara da kumburin muƙamuƙi mai saurin girma, wani da ƙullutu a ciki, wani da farin haske a ƙwayar ido, wani kuma a jini yake, sai a ga zazzaɓi ya ƙi sauka, jini yana ta ƙarewa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwana a ɗaki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu wadata fiye da yara 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe irin namu kuwa waɗanda suke warkewa ba su kai 30 ba. Cikin dalilan da ta kawo akwai jinkirin zuwa asibiti da yanke magani a tsakiya.

Me yake sa uwa ta yanke wa ɗanta magani? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan sai an je Matamaye, a tura mutum Babban Asibitin Damagaram, wataƙila daga can a ce sai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, inda aka buɗe sashen gasa ciwon da na'ura a shekarar 2021. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne. Waɗansu sukan bi ta Ɗan Barto da Daura su nufi Kano. Maganin kuma na watanni ne, ana zuwa ana komawa. Uwa tana kwana a tabarma gefen gado, uba ya sayar da akuya, ya sayar da geron rumbu, gona ta cika da ciyawa, sauran yara suna gida ba mai duba su. Da zarar kumburi ya ɗan saɓe, sai gajiya ta raɗa musu cewa an warke, su dawo, ciwon ya komo da ƙarfi. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da cuta daga Musulmi farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi, an ɗauke wa saura; in kowa ya naɗe hannu, zunubin ya hau gari duka. Saboda haka muna kiran jama'a zuwa ga abubuwa huɗu.

Na farko, a hutar da mai jinya. Gaisuwar "ya mai jiki" tana da lada, amma ba ta sa uwa barci. Dangi da maƙwabta su yi karɓa-karɓa: goggo ta riƙe kwana biyu, inna ta riƙe biyu, uwar ta samu ta yi wanka, ta runtsa, ta ga sauran ƴaƴanta. Wata ta ɗaukar mata daka da ɗiban ruwa. Samari su yi wa uban gayya a gonarsa da damina, su ba lambunsa ruwa da rani. Ku kuma magidanta, kada ku bar wa mata jinya su kaɗai, ga Usmanu nan abin koyi. Ke kuma uwa, kada ki ɗauka barcinki cin amanar ɗanki ne. Salmanu Bafarishe ya hana Abu Darda'i wahalar da jikinsa ko da ibada ce, ya tuna masa cewa jiki da iyali suna da haƙƙi a kansa, Annabi kuwa ya gaskata Salmanu.

Na biyu, a haɗa iyayen da suka sha wannan ɗaci da waɗanda suka fara ɗanɗanarsa. Wadda ta taɓa kwana a asibitin Yamai ita ta san abin da ake ɗauka a tafi da shi, ta san gashin yaro zai zube saboda magani kuma zai sake tsirowa, ta san amai ba alamar magani ya ƙi ba ne. Kalma ɗaya daga bakinta ta fi dogon wa'azinmu sanyaya zuciya. Limamai da malaman makarantun mata su zama tsani: su nemi izinin kowane gida, su haɗa su zama ko sau ɗaya a wata, a ba juna lambar waya, kuma abin da aka faɗa a zaman ya zama amana. Wanda ɗansa ya warke ya zo ya ba da ƙarfin gwiwa. Wanda nasa ya rigaye shi, shi ma a ba shi wuri, don yana da abin faɗa, kuma yana buƙatar mai saurarensa. Ƴan garinmu mazauna Damagaram da Yamai da Kano kuwa, ku buɗe ƙofofinku ga baƙin asibiti.

Na uku, dukiya. Annabi ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Kowane masallacin Juma'a ya kafa asusu a hannun amintattu biyu ko uku, ko dala ashirin ce mutum ya jefa. Masu fitar da zakka a wannan wata su tuna cewa cikin kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba akwai matalauci, da wanda bashi ya danne, da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Uban da yake tsaye a tasha da yaro a kafaɗa sau da yawa ya haɗa ukun.

Na huɗu, a kiyaye harshe. Kada a shiga gidan mai ciwo ana ba da labarin wanda ya mutu da irinsa. Kada a jefi kishiya da sammu, ko tsohuwa da maita, domin wannan ƙazafi ne mai raba zumunta, yana kuma cinye kwanakin da ya kamata a yi a asibiti. In kun ga uwa tana hawaye, kada ku ce ba ta da haƙuri. Manzon Allah ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahimu, kuma ƴaƴansa shida cikin bakwai sun rasu yana raye. Addu'a da magani kuwa ba sa karo da juna: a yi tofi, a kuma cika alƙawarin likita. Yaron da bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, kada a jinkirta masa magani don a saba masa da shi.

Goman ƙarshe tana tafe. Wanda ya kwana a gefen gadon yaron maƙwabcinsa don uwar ta samu barci, muna kyautata zaton Allah ba zai tozarta darensa ba.

Ya Allah, Ka warkar da ƴaƴanmu, Ka ƙarfafa masu jinya, Ka sanya wa likitoci albarka a hannu, Ka sanya waɗanda suka rigaye mu su zama masu ceton iyayensu. Sai gobe in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.