Tallafi Haƙƙi Ne, Ba Sadaka Ba: Jawabi Ga 'Yan Ɓangarenmu

  

Maganata yau guda ɗaya ce: yadda mu talakawa muke kallon abin da gwamnati ke yi mana. Don wallahi matsalar ba a Abuja kaɗai take ba, wani ɓangarenta yana cikin kawunanmu.

Ku saurari yadda muke magana. In an gyara asibiti sai mu ce, "Mai girma ya taimake mu." In an raba shinkafa da taliya sai mu ce, "Allah ya ƙara wa oga arziki." To, da kuɗin wa aka saya? Tun 2020 harajin kayan masarufi, wato VAT, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Duk wanda ya sa kati a wayarsa ya biya haraji. Mai shayi ya biya, ɗan adaidaita ya biya. Ga kuɗin man fetur da ake haƙowa, wanda na kowa ne. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya fayyace cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Kenan wanda ya gina maka asibiti aikinsa ya yi, ba kyauta ya ba ka ba.

Magabatanmu sun san wannan. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa ba buhun abinci suka yi wa talaka alkawari ba, 'yancinsa suka nema masa. A 1979, da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a ƙarƙashin PRP, sai suka soke haraji da jangali. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, dattawa da matan aure suka koyi karatu. Irin wannan aiki ba ya tambayar wa ka zaɓa. Tsari ne, kowa ya shiga ciki.

Daga baya aka zo mana da wata koyarwa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP: aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka buɗe ƙofar sayar da kamfanonin gwamnati. Aka ce a bar wa kasuwa komai, ita za ta gyara. Ku je Kakuri a Kaduna, ku je Sharaɗa da Bompai a Kano, ku ƙirga masana'antun da suka rage. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Me ya biyo baya? Rabon kayan rage raɗaɗi. An ɗauke abin da ya shafi kowa, an maye gurbinsa da layin da sai mai uwa a gindin murhu ke kaiwa gaba.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Mu ba abokan gabar 'yan kasuwa ba ne. Kantin Kwari da Dawanau da Singa su ke riƙe da gidaje ba adadi, kuma neman halal ibada ne. Tsohon tsarin tallafin man ma cike yake da ɓarna, wannan ba ma musu. Amma jari-hujja riba yake bi. Ba zai kai ungozoma ƙauyen da ba kuɗi ba, ba zai koyar da ɗan da ubansa ba shi da ko sisi ba. Wannan wurin na gwamnati ne. Maganin ɓarawo a kama shi, ba a rushe rumbun ba.

Yanzu na zo kanmu. Akwai masu cewa mu ma mu tara kuɗi mu sayi taliya da atamfa, tunda abin da jama'a ke so kenan. Ni dai ban yarda ba. In gasar rabo za a yi, masu kuɗi sun riga sun kayar da mu. Kuma wanda ya sayi ƙuri'a, in ya hau kujera uwar kuɗinsa zai fara nema.

Don haka duk wanda ya zo neman goyon bayan wannan ɓangare, mu yi masa tambaya uku. Nawa za ka ware wa makarantun firamare da asibitocin mazaɓu? Wace doka za ta tabbatar da tallafin ko bayan ka sauka? Za ka bayyana sunayen masu amfana kowa ya gani?

In an kawo muku shinkafa, ku karɓa, taku ce. Amma kada ku ba da shekara huɗu a bakin mudu biyu. Ku kai wannan magana majalisu da wuraren biki da zaurukan WhatsApp.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu.