WAKEN SUYA: DAGA GONA ZUWA TUKUNYA DA MASANA'ANTA
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, Suleja

 

An ce in yi magana a kan waken suya, tun da na ci shekaru ina aikin malamin gona. Da farko dai sunan nan ba shi da haɗi da suyar nama. Turawa ne ke cewa soya, bakin Bahaushe ya mai da shi suya. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, inda aka yi dubban shekaru ana nomansa. A Nijeriya an fara gwada shi a 1908 a Badun, bai yi kyau ba. Sai a 1937 aka kawo wani iri daga Malaya wanda ya karɓi ƙasar Tibi, har aka fara fitar da shi waje a 1947. Ban da Binuwai, an noma shi a kudancin Zazzau wajen Zonkwa, da nan ƙasar Abuja ta dā, watau kafin babban birnin tarayya ya karɓi sunan a mai da garin nan Suleja. Amma a zamanin nan noma shi kawai ake yi a sayar wa Turawa. Kakanninmu sun sa shi a tukunya kamar farin wake, ya ƙi nuna, ga gafi, suka ce wannan ba abincin mutum ba ne.

To, me ke cikinsa? In ka auna busasshen waken suya kashi 100, kusan kashi 40 sinadarin gina jiki ne, wanda masana ke kira furotin. Kusan kashi 20 mai ne. Farin wakenmu furotin ɗinsa bai wuce kashi 25 ba, gyaɗa ma haka, masara kuwa 9 zuwa 10. Shi ya sa bai dahuwa kamar wake: ba shi da sitaci irin na wake da zai sa ya yi lugub.

Shi furotin ɗin nan kamar ginin bulo ne, kuma bulo iri 20 ne. Guda 9 daga ciki jikin mutum ba ya iya yin su, sai an ci. Masara da dawa da gero sun gaza a wani da ake kira laisin, waken suya kuwa cike yake da shi. Shi kuma ya ɗan gaza a metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Kun ga ke nan an yi aure mai kyau. In uwargida ta haɗa gwangwani 3 na masara da gwangwani 1 na waken suya, garin da za ta samu furotin ɗinsa ya tashi daga 9 zuwa wajen 16 ko 17. Kusan ninki biyu, ba tare da an je wurin mahauci ba.

Nan ne abin ya shafe mu. Yawancinmu daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Gusau muka zo, haya muke, ba saniya ba akuya. Nono saye, ƙwai saye, nama kuwa kowa ya san yadda ake ciki a kasuwar Suleja da ta Madalla. Yaron da aka yaye sai ya wuni a kan koko tsura. Ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Sannu a hankali gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, a ce iska ce ko shan nonon ciki. Tamowa ce, jama'a. Cokali biyu na garin waken suya a cikin kokon nan kullum yana iya raba yaro da gadon asibiti.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma ina roƙon iyayenmu mata su saurara da kyau. Ɗanyen waken suya na ɗauke da wani sinadari da ke toshe aikin tiripsin, watau ruwan da hanji ke narkar da furotin da shi. Wanda ya ci shi bai dahu ba, ya yi asara biyu: bai amfana ba, ga ciwon ciki. Wuta ce kaɗai maganinsa. Na taɓa ganin wani mai kiwon kaji da ya ɓarza shi ɗanye ya zuba wa 'yan tsaki don gudun tsadar abinci. Mako uku suna ci, ba sa girma, sai zawo.

Gafin nan kuma da mutane ke ƙi, ba a cikin ƙwayar yake zaune ba. Wani sinadari ne ke tasowa ya taɓa man da ke ciki da zarar an fasa waken a cikin ruwan sanyi. Saboda haka in gari kike so na kunu ko tuwo, ki bari ruwa ya tafasa tukuna, ki zuba busasshen waken, ya yi minti 20 zuwa 30, ki murje ɓawon, ki shanya, sa'an nan a kai niƙa. Ko kuwa ki soya shi a kasko kamar gyaɗa har ya yi ƙamshi. Kumburin ciki da yawan hutu kuma daga wani nau'in sukari ne da hanjinmu bai iya narkarwa. Jiƙo da zubar da ruwan jiƙon na rage shi ƙwarai.

Awara ita hanyarta daban. In kika dafa waken kafin markaɗe, furotin ya riga ya daskare, ba zai fita cikin madarar ba, awararki ta yi kaɗan. Jiƙa shi za ki yi ya kwana, a markaɗa, a tace, sa'an nan a tafasa madarar sosai, kamar minti 15 zuwa 20. Da an zuba ruwan tsami na kamu, ko na tsamiya, ko lemon tsami, sai furotin ya dunƙule ya rabu da ruwa, daidai yadda madarar shanu ke yi in ta yi tsami. Wasu na sa alif don ya fi kama jiki. Ni dai a ra'ayina a tsaya ga tsamiya da ruwan kamu, abinci ne su. Dusar da ta rage kada a zubar, tumaki da kaji na so, har a tuwo ana iya haɗawa. Daddawa ma yanzu da yawa ta waken suya ce, tun da kalwa ta yi tsada, itatuwan ɗorawa kuma gawayi na cinye su.

Ba haka kawai wannan ilmi ya shigo gidajenmu ba. Cibiyar IITA ta Badun, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da ire-iren da ake kira TGx, masu dacewa da ƙasarmu, kuma daga wajen 1987 ta duƙufa koya wa mata sarrafa shi. A nan jihar Neja ma cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, kusa da Bida, waken suya na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata.

Akwai tambayar da maza ke yi mini a ɓoye: wai yana rage mazakuta? Gaskiya ne yana da wani sinadari, aisofilabon, mai ɗan kama da sinadarin jikin mata, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza, a 2010 da kuma 2021, ba su ga ya rage sinadarin mazantaka ba. Alhaji, ci awararka. Masu hattara su ne waɗannan: mai maƙoƙo ko mai shan maganinsa ya tambayi likita, kuma a riƙa amfani da gishiri mai aidin, wanda jikinsa ke yin borin jini in ya ci ya bari, jariri kuma kafin wata 6 nonon uwa kaɗai, madarar waken suya ta gida ba ta maye gurbinsa.

A masana'anta kuwa, matse shi ake yi ko a wanke man da wani ruwa mai suna hekzen, a samu man girki. Tunkuzar da ta rage ita ce ƙashin bayan abincin kaji da na kifi, watau ƙwan da kuke saye a kiret akwai hannun waken suya a cikinsa. Daga man ake cire lesitin, wanda ke haɗa mai da ruwa a cakulan da majarin. Golden Morn da yaranku ke kuka a kai masara ce da waken suya. Ana yin fenti da shi, da gam na katako, da kyandir, da man dizal na tsirrai. Jaridun Amurka sun fara buga launi da tawadarsa a 1987, Henry Ford kuwa tun 1941 ya nuna wata mota da aka yi jikinta da roba mai haɗin waken suya. Yau Birazil da Amurka da Ajantina ne kan gaba a noma, Sin kuma ita ce babbar mai saye.

Masu 'yan gonaki a wajen Lambata, Dikko da Sabon Wuse, saiwarsa na da 'yan ƙulle-ƙulle da ke jawo takin naitirojin daga iska, don haka masarar da ta biyo bayansa tana samun sauƙin taki, kuma yana rage ƙuduji. A shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Kada a yi jinkirin girbi, kwanson fashewa yake yi ya watsar da ƙwaya. Irin da ya kwana shekara a ɗaki mai zafi sau da yawa ba ya tsira, a gwada ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu kafin a kai gona. Abin da ke ba ni takaici shi ne da kaka a sayar wa dillalai da arha, motoci su kwashe, da bazara matanmu su sayo mudu da tsada don yin awara. Shawarata ga shugabanni, ƙungiya ta sayi 'yan buhuna da kaka ta ajiye, ta riƙa ba mata masu sana'a a farashin da aka sayo.

Na zo da gari iri biyu, na dafaffe da na soyayye, suna kan teburin nan, kowa ya zo ya shinshina ya ɗanɗana. Mai tambaya kuma bismilla.