Karatun Zane a Zariya

Idan yaro ya ce zane zai karanta a jami'a, iyaye da dama sai su yi tsaki, wai wasan yara ne. Ni ban yarda ba.

A 1958 wasu ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Malamai na koya musu salon Turai, su kuwa suka dage sai sun haɗa da abin da suka gada a gida.

Ɗalibin yau yakan yini hannu dumu-dumu da yumɓu, ko yana gauraya launi. Madalla. Amma darasin tarihi ya fi tsaya mini a rai. A kai shi Masallacin Juma'a na birnin Zariya, ya ɗaga kai ya ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura da azara da laka, ya auna, ya zana. Maginan da suka iya wannan aiki sai raguwa suke, damina kuma tana cin tsofaffin soraye.