Kafin Ki Sayi Injin Noma, Auna Gonarki

  

Yau hirar tamu ta gona ce. Za mu yi magana a kan tarakta, wadda wasu ke kira tantan, da injinan yankan ciyawa, da yadda za a zaɓi wanda ya dace. Na san wata za ta ce, "Mu da muke cikin gida, ina ruwanmu da tarakta?" Ai kuwa da ruwanmu. Mata nawa ne suka gaji gona daga iyaye ko daga miji? Ƙungiyoyin mata nawa ne suka tara kuɗin adashi, ko suka sami rance, aka ce musu su sayi injin noma? Ko da ɗanki ne ko ƙaninki zai je kasuwar, kuɗin dai naki ne, wani lokaci ma na marayu ne. In aka sayo abin da bai dace ba, ke za ki kwana kina juyi.

To abu na farko, 'yar'uwa, ki san girman gonarki. Da yawanmu in aka tambaye mu sai mu ce, "Ai babba ce, tana ba da dami kaza." Inji bai san dami ba, kadada ya sani. Kadada ɗaya, wato hekta, ita ce mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance, kusan eka biyu da rabi ke nan. Ki sa malamin gona ya auna miki, yanzu har da wayar hannu ana awon fili. Amfanin awon biyu ne: za ki san injin da ya dace da ke, kuma mai haya ba zai karɓi kuɗin kadada uku a gonar da ba ta wuce biyu ba.

Bayan girma sai irin ƙasar. Jigawa ce mai yashi, ko fadama ce mai laka? Ƙasar jigawa ba ta son a riƙa birkice ta da babbar garma kowace shekara, domin in ta yi laushi da yawa iska da ruwa suna kwashe samanta, inda albarkar take. Sannan ki duba kututture da duwatsu, su ne ke fasa taya su karya faifan garma. Kuma don Allah kada a ce miki ki sare gawon da ke gonarki don tarakta ta sami wurin juyawa. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, taki ma yake ba ta kyauta. Ki duba hanya ma: tarakta za ta iya shiga ba tare da ta taka gonar maƙwabci ba? Rigingimu da yawa daga nan suke farawa.

Yanzu bari mu ɗauki zaɓin ɗaya bayan ɗaya.

Babbar tarakta mai ƙafa huɗu, wadda aka fi sani a ƙasarmu, ita ce mai ƙarfin doki 75, irin su Massey Ferguson 375, sai kuma Mahindra da John Deere da New Holland. Irin wannan tana yin kaftun kadada biyu zuwa uku a wuni, in ƙasa ta jiƙa kuma babu kututture. To mu yi lissafi. A ce ƙungiyarku mata 20 ce, kowace tana da kadada ɗaya. Kaftu zai ci kwana goma, a yi haro, a yi huɗa, duka dai kafin wata guda an gama. Saura wata 11 fa? Tarakta tana tsaye a ƙofar gida, rana na dukanta, taya na tsagewa, direba na jiran albashi, bashi kuma ba ya hutu. Saboda haka duk wadda za ta sayi babbar tarakta, ta tabbata tana da aikin da za ta ba ta bayan nata: huɗar haya a gonakin jama'a, ɗaukar taki da amfanin gona da yashi a tirela, juya injin sussuka da kaka, aikin noman rani. In babu wannan, kin sayo baki ne mai ci ba ya kawowa.

Kuma a tuna, tarakta ita kaɗai ba ta noma, abin da take ja shi ke yin aikin. Garma mai faifai, haro, rija ta huɗa, tirela, kowanne da kuɗinsa daban. An sha ganin waɗanda suka ƙarar da kuɗinsu kaf a kan motar, aka kawo ta gida ana guɗa, sannan aka tuna babu abin ɗaura mata a baya.

Sai ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu, wadda mutum ke riƙe da hannu yana bin ta a baya. Ƙarfinta daga doki takwas ne zuwa 15, tana yin rabin kadada zuwa kadada guda a wuni. Wannan ita ce ƙawar masu noman shinkafa da kayan lambu, kamar a Kura da Kadawa da Garun Malam inda ake sha daga ruwan Tiga, ko a fadamun Haɗeja da na Argungu. A can fangali ƙanana ne, babbar tarakta in ta shiga sai ta rushe gefe ta nutse a taɓo. Ƙaramar kuwa tana shan mai kaɗan, ana ɗaura mata 'yar tirela, injinta yana iya juya famfon ban-ruwa. Amma ba ta son busasshiyar ƙasa mai tauri, kuma tana gajiyar da mai riƙe da ita.

Kada kuma mu raina shanun huɗa. Tun shekarun 1920 aka fara koya wa manoman Arewa aiki da garmar shanu, har yau kuma ita ce ke rufa wa ƙaramin manomi asiri. Bijimai biyu suna huɗe kusan rabin kadada daga safe zuwa hantsi ya yi zafi. Suna jan amalanke, suna ba ki taki. Wani abin sha'awa, ita tarakta daga ranar da aka saye ta darajarta take sauka, su kuwa bijimai in an kula da su, bayan shekara uku ko huɗu a sayar da su da ƙiba a sayi ƙanana har da canji. Sai dai suna son abinci da rani, da allurar rigakafi, kuma a wuraren da ake fama da ɓarayin shanu dole a yi tunani sau biyu. Mai kadada biyu zuwa biyar a jigawa, sau da yawa wannan ya fi mata kwanciyar hankali.

Zaɓi na huɗu shi ne haya, kuma ga mafi yawanmu shi ne daidai. Matsalar haya ɗaya ce: layi. Da ruwan shuka ya sauka kowa na neman tarakta a mako guda, mai ita kuwa babbar gona yake fara zuwa, domin ba zai ƙona mai ya yi tafiyar kilomita goma saboda eka ɗaya ba. Maganin wannan, ku haɗa kai. Mata goma masu gonaki kusa da juna su je da murya ɗaya tun cikin bazara, a tsayar da rana, a ba da kafin alƙalami. Kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014 a kan wannan dabarar ya ginu: wakili ya tattara manoman yanki guda, sannan a kira musu tarakta ta waya. Ko babu kamfani a garinku, ku ma za ku iya yin haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu koma kan yankan ciyawa, domin a nan ake yawan yin kuskure. Tambayar ita ce: share fili kike so, ko abincin dabbobi kike nema? Akwai injin da tarakta ke ja, mai manyan wuƙaƙe biyu da ke juyawa a ƙarƙashin murfin ƙarfe. Wannan na share saura ne da tsakanin itatuwan mangwaro ko gwaba. Daddatsa ciyawar yake yi ya watsar, ba za ki tattara komai ba. In kina kiwon tumaki ko shanu kina son ki ajiye gamba ko kyasuwa don rani, injin da ke yanka daga tushe kamar almakashi ya kwantar da ita a jere shi ne naki. Irin wannan ne ake girbin shinkafa da alkama da shi. A yanke ciyawar tun tana ɗanya, kafin ta gama fitar da kai, a shanya, a ɗaure a ɗora a kan rumfa. In aka bari ta bushe a tsaye, kara kawai kika tara.

Ga mai ƙaramin fili kuma, akwai injin rataya a kafaɗa. Yana da kai iri biyu: na zaren roba don ciyawa mai laushi, da na ƙarfe don mai kauri. Yawancinsu fetur ake gauraya musu da man inji na musamman, kuma gwargwadon da aka rubuta a takardar injin shi za a bi. In aka zuba fetur zalla, ko aka gauraya da tsohon baƙin mai, injin ba zai ga ƙarshen damina ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, sai ki sa kuɗin mai a lissafi tun kafin ki saya. In kuwa gonarki ta gero ce da wake a tsakani, kamar yadda muka gada, to lauje da hannu ba su da magaji, inji bai san bambancin harawa da ciyawa ba.

To a ce kin yanke shawarar saye. Kafin ki tambayi farashi, ki tambayi abu biyu: wa zai gyara, kuma ina ake samun kayan gyara? An taɓa harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano, gwamnatoci ma sun sha sayo taraktoci na haya. Amma ki leƙa harabar sashen gona a ƙananan hukumomi da dama, za ki ga gawarwakinsu jere, ciyawa ta fito ta cikin taya. Yawanci ɗan ƙaramin ƙarfe ne ya lalace aka rasa madadinsa. Saboda haka irin da bakaniken garinku ya saba da shi, wanda kayansa ke kasuwar kusa da ke, ya fi wani sabon yayi mai kyan fenti. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

In ta hannu za a saya, a tafi da bakanike naku, ba na mai sayarwa ba. A je da sassafe a tayar da ita injin yana sanyi. A duba hayaƙi: shuɗi alamar tana shan baƙin mai ne, fari mai yawa da ba ya ɗaukewa kuma yana iya nuna ruwa na shiga inji. A zaro ma'aunin baƙin mai, in ya yi kalar madara a haƙura. A ɗaga garma sama a kashe injin, in ta sauko da kanta nan da nan akwai gyara a gaba. A duba tayoyin baya, domin tsadarsu ba wasa ba ce. A sa ta ta yi huɗa a gani da ido, sannan a karɓi rasit da takardu masu lambar inji.

In kuma ta ƙungiya ce, a rubuta komai gaban shaidu: wa ya zuba nawa, gonar wa za a fara, wa ke riƙe da kuɗin haya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. A sami littafi a riƙa rubuta man da aka zuba da aikin da aka yi kullum. Daga kuɗin kowace kadada a ware na gyara, kada a raba shi ko da Salla ta zo. A canza baƙin mai a kan lokaci, a riƙa kakkaɓe matacin iska saboda ƙurarmu.

Na bar magana mafi nauyi a ƙarshe, ita ce ta rai. A bayan tarakta akwai wani sandan ƙarfe da ke juya injin sussuka ko na yankan ciyawa. Yana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau tara a daƙiƙa guda. In ya kama bakin mayafi, ko hijabi, ko hannun babbar riga, kafin a ce a kashe an makara. Mu ne muke tsayawa kusa da inji lokacin sussuka muna tara hatsi, saboda haka a tabbata murfinsa na nan, a ɗaure mayafi tamau, kada kuma a tsallaka shi yana juyawa. Injin yankan ciyawa yana harba dutse kamar harsashi, kowa ya ja baya aƙalla mita 15, mai aikin ya sa takalmi da tabarau. Yara kuma, don girman Allah, kada a ɗora su a gefen direba ko a kan garma don sun yi kuka. Kujera ɗaya ce a tarakta, ta mutum ɗaya ce.

'Yar'uwa, ki auna gonarki, ki ƙirga aikin da injin zai yi miki a shekara, ki nemi malamin gona ku yi lissafin tare, da buhu ba da naira kaɗai ba: buhu nawa zai ci, buhu nawa zai ƙaro. In lissafin bai fita ba, haya ba abin kunya ba ce.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dukiya da iyali. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.