Sartifika ta dawo: me take aunawa a Madawa, Buza da Keita?



A shekarar 2024 hukumomin Nijar suka maido da jarrabawar ƙarshen firamare, wadda kowa ya sani da sartifika, bayan ta yi kimanin shekara 10 a jingine. A tsawon lokacin nan yaro yana shiga kwaleji ne da makin da ya tara cikin shekara. Iyaye da yawa sun yi maraba da dawowarta, kuma suna da hujja, domin ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa hatsin da ba a sa wa tiya ba, mai shi ma bai san yawansa ba. To amma tiya ba ta ƙara hatsi, abin da ke cikin rumbu take faɗi.

Abin da ke cikin rumbun kuwa an riga an leƙa shi. A 2014 shirin PASEC, wanda ke gwada yaran ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci da tambayoyi iri ɗaya, ya auna ƙasashe 10. Nijar ce ta zo ƙarshe. Cikin yara 10 da suka kai aji na shida, ko ɗaya cikakke bai kai mizanin karatu da ake nema ba, haka ma lissafi. A 2019 an sake awo, an ga ci gaba, wajen yara 3 cikin 10 sun kai mizanin karatu. A yaba wa wanda ya yi aikin. Sai dai har a lokacin saura 7 sun yi shekara shida suna zuwa lakwal, ba su iya karanta takarda su fahimci abin da ta ƙunsa yadda ya kamata ba.

Wanda ya san ƙasar Adar da fadamar Tarka ba zai yi mamaki ba, in ya fara lissafi daga kwanaki. Ana buɗe lakwal a watan Oktoba, gero yana gona, hannun kowane yaro yana da amfani. Ajin da aka yi da zana kuwa ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, kuma ruwan farko ko iskar da ke gabansa su ke rufe shi kafin ministan ilimi ya ba da hutu. Shekarar karatu ta guntule ta kai da ta wutsiya ke nan. Irin wannan aji ne wuta ta cinye da yara a ciki, a Yamai cikin Afrilun 2021, da Maraɗi cikin Nuwamban shekarar. A tsakiya kuma ga albasa: a Madawa ban-ruwa da cira ba su jiran a tashi daga aji. A Buza da Keita maza suna tafiya biɗa da rani, Najeriya, Kodibuwa ko Libiya, gida ya rage wa mata da yara, 'yar da ta kai ɗaukar tulu ita ce mai zuwa rijiya. Ran jarrabawa kuwa takarda ɗaya za a miƙa wa wannan yarinya da ɗan ma'aikacin da ke Yamai, wanda ajinsa na siminti ne kuma ana biya masa malamin gida.

Sai harshe. Yaro ya taso da Hausa, ko da Tamajak a zangunan Buzaye, ran da ya shiga aji a tare shi da Faransanci, harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa. Dattawan da ke wurin nan suna tune da sambol da ake rataya wa wanda ya yi subutar baki da harshen uwarsa, da dikte mai kuskure biyar sifiri. Maganin ba sabo ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda da koyarwa cikin harsunan ƙasa tare da Faransanci. A 2025 kundin mulki ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. Gwajin da ya haura shekara 50 ana kiransa gwaji, ya kamata a tambayi gwamnatocin da suka yi ta wucewa, na soja da na farar hula, me suke jira su gani.

Batun malamai shi ne mai zafi, kuma nan ne aka fi saurin yanke hukunci. Bayan shekarun yajin aiki da bashin albashi na 1990 zuwa gaba, hukuma ta koma ɗaukar malaman sa-kai, daga baya 'yan kwantaragi, da kuɗi kaɗan da horo kaɗan, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwa. A 2017 ma'aikatar ilimi ta zaunar da su jarrabawa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. Aka yi ta yi musu dariya. Amma su wa suka ɗauke su aiki? Wace lakwal ce ta yaye su? Malamin da aka kai wani ƙauye a kan dutse, wanda sai ya rufe aji ya sauko gari neman ɗan abin da ake biyansa, kuma ya tarar bai zo ba, ba shi kaɗai ke da laifin sifirin yaransa ba.

Jahar Tawa tana da darasin da ya kamata a riƙe. Nan ne a 2004 shirin lakwal domin kowa, da taimakon Japan, ya fara kafa komitocin iyaye zaɓaɓɓu, kafin abin ya bazu ƙasa duka. A 2007 aka gwada ba komitocin makarantu 500 na Tawa da Damagaram kuɗi a hannu. Iyaye sun ƙara zuwa taro, an yi gyare-gyare, amma da aka auna karatun yara ba a ga ya ƙaru ba. Uban da bai yi boko ba yana iya ganin katanga ta faɗi ya tayar, ba ya iya ganin cewa ɗansa haddace allo yake yi ba karantawa ba.

Saboda haka idan sakamako ya fito aka ce lakwal kaza ta ci kashi 80 cikin 100, kada a yi gaggawar guɗa. A tambayi darakta: yara nawa aka rubuta a aji ɗaya shekara shida da suka wuce, nawa suka kai aji shida, nawa aka bari suka zauna jarrabawar, mata nawa ne a ciki? Hanya mafi sauƙi ta gyara adadi ita ce a tsame raunana tun kafin ranar. Ma'aikatan ofishin sufetan ilimi suna da waɗannan lambobi a rajista, babu abin da ya hana a manna su a ƙofar kowace lakwal. Komitin iyaye kuma kada ya jira aji shida. A ƙarshen aji biyu a kira yara ɗaya bayan ɗaya, a ba kowa layi uku da bai taɓa gani ba ya karanta, da lissafin canjin dala ashirin, a gaban iyaye, a rubuta yawan waɗanda suka iya. Waɗanda suka kasa suna da sauran shekara huɗu, kuma kuɗin fitila da alli na karatun yamma bai fi ƙarfin 'yan kasuwar albasa na Madawa ba.